Fom ɗin da na cika masa a gindin dutse

Ni ne mai cika fom. A kamfanin da nake aiki a Jebel Ali, a Dubai, abin da nake yi ke nan daga safe zuwa yamma: takardun kwantena, wacce ta shigo, wacce ta fita, me ke cikinta. Hannuna ya saba har ba na tsayawa karanta tambaya, da na ga layi na san inda alama za ta zauna. Saboda haka duk Bahaushen da ke sitonmu, in takarda ta taso masa, ta inshora ce ko ta biza ko ta neman hutu, teburina yake nufa. Ina cikawa ina mita, ina ce musu ba uban kowa ya ɗauke ni magatakarda ba, amma dai ina cikawa.

Cikin masu kawo mini takarda akwai wani mai tuƙa motar ɗaga kaya, mutumin Kumasi, haifaffen zango. Ɗan Zango nake kiransa, shi kuma ya ce mini Bakano. Ya ba ni shekara biyu ko uku, dogo ne siriri, farin idonsa kullum da ɗan rawaya. Ɗaki ɗaya kamfani ya ba mu. Mutum ne mai surutu da son dariya. In ya dafa shinkafa da wake irin na Gana da baƙin yajin nan nasu, sai ya tsaya a kaina wai sai na ce ya fi na Kano. Ni kuwa sai na cinye na suɗe hannu na ce ba laifi.

Sikila gare shi. A duk Dubai ni kaɗai na sani, kuma ba shi ya gaya mini ba. Wata Juma'a a watanmu na uku tare, na dawo daga masallaci na tarar da shi a ƙasa tsakanin gadajenmu, ya cusa tawul a baki yana cizo, zufa na zuba. Na ɗauki waya zan kira motar asibiti, ya riƙe mini ƙafar wando. Da ciwon ya lafa washegari, ya sa na rantse masa ba zan gaya wa kowa ba, ko manaja, ko likita, ko limamin da muke bi. Na rantse.

Wanda bai yi zaman garin nan ba zai ce wauta ce. To, a garin nan ma'aikaci ba ya ciwo. Ba wanda zai dube ka ya ce an sallame ka don ba ka da lafiya, a'a, kowa da fara'arsa, ana ce maka masoyi da Larabci, habibi kaza habibi kaza. Kwantiragi ne dai zai ƙare, a ce halas, wato an gama, bizarka ta bi shi, kai kuma ka bi bizar. Haka muka gani, ko kuma haka muka yi ta ji ana faɗa har muka ɗauka mun gani. Shi kuwa gida guda ne a wuyansa a Kumasi: uwa, mata, da 'ya'ya mata biyu. Don haka in ciwon ya tashi ni nake juya jadawalin aiki, na ce zazzaɓi ne, ko na ce an aike shi Ras Al Khor ɗauko kayan gyara. Na dafa ruwa na gasa masa gwiwa da baya, na ba shi ƙwayoyinsa, na kashe na'urar sanyaya ɗaki mu zauna cikin zufa. In kuma fom ya zo, aka iso layin da ke tambayar ko kana da wani ciwo da ka daɗe da shi, sai na sa masa alama a "babu". Shekara biyar ina yin haka, har na daina jin ƙarya nake yi.

Uwarsa ta san na sani. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci yakan kira ta ta bidiyo, tsohuwa mai ƙaramar fuska, kullum tana zaune a ƙofar ɗakinta. Mma yake ce mata, ni ma na ɗauka. In sun gama sai ta ce a ba ta Bakanon. Maganarta ɗaya ce ba ta canzawa: ɗana, ka kula mini da shi, kar ruwan sanyi ya taɓa shi. Na ce insha Allahu, Mma. Shi kuma yana bayan wayar yana kwaikwayon bakinta, ina danne dariya.

Maganar dutsen daga mai gadin ƙofarmu ta fito, wani ɗan Kenya. Ya nuna wa Ɗan Zango bidiyon yankinsu a waya: duwatsu a jere, daji ya rufe su ruf, ruwa na zubowa daga can sama, giwaye a cikin itatuwa. Ya ce a zamanin da duwatsun aman wuta suke yi, amma sun daɗe da mutuwa, yanzu sai daji da ciyawa. Shi ke nan mutumina ya kamu. Ya ce ya manta rabonsa da ganin kore na gaskiya, sai ciyawar bakin titi da ake shayarwa da bututun roba. Ya ce yana so ya shaƙi jiƙaƙƙiyar ƙasa irin ta hanyar Kumasi, kuma tunda aka haife shi bai taɓa ganin giwa ba sai a talabijin. Hutun babbar sallah ya matso, kwana biyar, bai isa a je gida a dawo ba. Ya dame ni safe da yamma, a ɗaki da a motar aiki, har na ce to, yalla, mu je mu ga giwarka mu huta.

Mai gadin ya gargaɗe mu, ba zan ɗora masa komai ba. Ya ce lokacin sanyinsu ne, mu nemi kaya masu kauri. Muka yi masa dariya. Muna tsaye a bakin ƙofa, rana na dukan kwalta har takalmi na mannewa, wai mutum yana ba mu labarin sanyi a Afirka. Na ce masa mu da muke wuni cikin na'urar sanyin Larabawa, wane sanyi ne kuma ya rage mana. Muka je kasuwar Murshid Bazaar muka sayi jaket biyu iri ɗaya, masu sheƙi, shara-shara, irin waɗanda ake sawa don hoto. Wallahi har yau in na tuna dariyar nan sai na ji kamar na mari kaina.

Muka sauka Kenya, muka kwana a wani ɗan gari da ke gindin duwatsun. Da safe direban da muka yi haya ya kai mu ƙofar gandun. Akwai ɗan ofis na katako, a ciki wani dattijo ma'aikacin gandun, sanye da kaki da babbar kwat, bindiga a kafaɗa. Shi ne zai raka mu. Ba mai yawan magana ba ne. Ya miƙo fom biyu. Ɗan Zango ko kallon nasa bai yi ba ya turo mini kamar yadda ya saba, ya fita waje ɗaukar hoton wani biri.

Wannan fom ɗin na karanta shi, kar na yi wa kaina ƙarya. An jera cututtuka da sunansu: ciwon zuciya, asma, hawan jini, sikila. Ga ta nan ɓaro-ɓaro a layi na huɗu. A ƙasa an rubuta cewa duk mai ɗaya daga ciki ya faɗa kafin a hau, saboda tsayin wurin da sanyinsa. Na tsaya da biro a hannu. Na leƙa ta taga na hango shi yana dariya shi kaɗai, jaket ɗinsa na ɗaukar ido. Na ce a raina mun zo har nan, in na rubuta za su ce ya tsaya a ƙasa, ga shi kuma na rantse. Kafin na gama tunanin ma hannuna ya riga ya sa alamar inda ya saba sawa.

Dattijon ya karɓa ya duba. Da Ɗan Zango ya shigo sai ya ƙura wa idonsa ido, ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ni da Turanci ko abokina lafiyarsa ƙalau. Na ce gajiyar jirgi ce. Ya sake tambaya a hankali, wai na tabbata? Na ce na tabbata, har da ɗan ɓata rai, irin na wanda aka zarga da abin da bai yi ba. Ya ninke takardun ya sa a aljihu, muka shiga mota.

Ba zan ce dajin bai yi kyau ba. Hanyar jar laka ce, tana hawa tana lanƙwasa, itatuwa sun yi tsayin da sai ka kwantar da kai kafin ka ga ƙarshensu, igiyoyin daji na lilo daga rassan, ko'ina ruwa na ɗiga ba tare da ana ruwan ba. Muka ga birai baƙaƙe masu farin gashi a kafaɗa kamar sun yafa gyale, suna tsalle da doguwar farar wutsiya. Muka ga mazo ya tsaya a gefen hanya ya kalle mu ya shige. A wani wuri dattijon ya nuna mana kashin giwa a tsakiyar hanya, sabo, yana turiri, amma mai kashin ba ta nan. Ɗan Zango ya fitar da kai ta taga yana shaƙar iska da ƙarfi, yana magana da harshen Asante shi kaɗai. Ya juyo ya ce mini, Bakano, ku da kuka tashi cikin ƙura me kuka sani. Ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na safiyar nan ba, kuma na ji daɗi, na ce ashe daidai na yi.

Daga nan manyan itatuwan suka ƙare muka shiga dajin gora, dogaye, sun haɗe kai a samanmu har wurin ya yi duhu-duhu. Sai wasu gajerun itatuwa karkatattu, gansakuka na reto a jikinsu kamar furfurar gemu. Sai kawai komai ya buɗe. Hanyar ta lalace, direba ya ce motarsa iyakarta ke nan, sauran sai da ƙafa. Dattijon ya ce tafiyar awa ɗaya da rabi ce zuwa inda ruwan ke faɗawa cikin kwazazzabo.

Can saman wata duniya ce dabam. Ba itace ko ɗaya. Ciyawa ce dunƙule-dunƙule har gwiwa, ƙasan duk ruwa, in ka taka sai ya tsattsafo ya cika takalmi. Baƙaƙen duwatsu sun tsaya nan da can, dattijon ya ce su ne abin da dutsen ya amayar ya daskare. Ga wasu tsirrai kamar an ɗora kabeji a kan turke. Iska kuwa ba ta tsayawa, tana ratsa jaket ɗin Murshid Bazaar kamar ba ka sa komai ba. Kaina ya soma sarawa, in na yi taku ashirin sai na tsaya na nemi numfashi. Can nesa muka hango ɓauna uku suna kiwo, dattijon ya sa muka zagaye. Abin da ya dame ni shi ne mutumina ya yi shiru. Mai surutun nan ya yi shiru, leɓensa ya yi toka-toka, ya cusa hannu a hammata. Na tambaye shi ya jiki, ya ce lafiya lau. Na san wannan lafiya lau ɗin, shekara biyar ina jin ta.

Azahar ta same mu a bakin wani ɗan rafi da ke gudu cikin ciyawa. Muka ce wa dattijon za mu yi salla, ya koma gefe ya zauna a kan dutse, bindiga a cinya. Na tsoma hannu a ruwan na janye da sauri. Ban taɓa taɓa ruwa mai sanyi haka ba, ko na firiji bai kai shi ba.

"Kai ka yi taimama," na ce masa.

"Ga ruwa yana gudu a gabana?"

"Ka san abin da Mma take cewa."

"Taimama ta marar lafiya ce, Bakano. Tsohon nan tun daga ƙasa yake kallona. In na buga ƙasa yanzu ya gane."

Yanzu da nake tunani, dattijon ko Musulmi ba ne, ina ya san wata taimama balle ya san wa aka yarda ya yi ta. Amma mun saba ɓuya har muna ɓuya ga wanda bai san me muke ɓoyewa ba. Da na riƙe hannunsa na yi masa tsawa, da ya ji, don yana jin maganata in na haɗe rai. Ban yi ba. Na tsaya ina kallo ya cire takalmi da safa, ya naɗe hannun jaket, ya wanke komai sau uku-uku, bai rage ko ɗaya ba, haƙoransa na haɗuwa. Muka haɗa azahar da la'asar, tunda matafiya ne. Kafin mu yi sallama gajimare ya sauko ya rufe mu, ko dattijon ba na gani sosai, sai ƙanƙara ta soma zuba, ƙanana, tana dukan kunne.

A ƙafa ciwon ya fara. Mun fasa ƙarasawa mun juya za mu koma mota, ko minti goma ba mu yi ba, na ga yana jan ƙafar dama. Sai ya dafe baya. Sai ya durƙusa cikin ciyawar ya dafe ƙirji, ya cusa hannun jaket a baki yana cizo. Na sha ganin ciwon a gwiwa da baya, ban taɓa ganinsa a ƙirji ba. Numfashinsa ya koma gajeru-gajeru. Ba ruwan zafi, ba tawul, ƙwayoyin da ke aljihuna na ba shi ya kasa haɗiyewa. Dattijon ya durƙusa ya taɓa wuyansa, ya ɗago ya dube ni.

Na ce masa sikila ce. Da Turanci na faɗa, da ƙarfi, sau biyu.

Ɗan Zango ya ji. Ya buɗe ido ya kalle ni. Dattijon kuwa ya cire kwat ɗinsa ya naɗe shi, ya yi magana a rediyon hannunsa da harshensu, sannan ya ce mini, ba da faɗa ba:

"Sau biyu na tambaye ka."

Muka riƙa goyonsa, in dattijon ya gaji na karɓa, in na gaji ya karɓa. Ba shi da nauyi, amma a wurin nan ko kanka kake ɗauke da shi nauyi ne. Na faɗi sau uku cikin laka da shi a bayana. Ƙanƙarar ta koma ruwa. Bakinsa na daidai kunnena, ina jin yadda ƙirjinsa ke ƙara. Can ya ce mini a hankali, ka rantse fa. Raina ya ɓaci, tsoro da haushi suka haɗe mini, na ce yi mini shiru, dalla, wa ya san ka a nan. Abin da na faɗa masa ke nan, mutumin da ke mutuwa a bayana. Tafiyar da muka yi a awa ɗaya sai da ta ci mana kusan uku.

A mota na kwantar da kansa a cinyata, direba ya kunna abin ɗumi har ƙarshe. Muka kama gangara, motar na zamewa a laka tana gyaruwa. Muna shiga dajin gora direban ya taka birki ya kashe inji. Giwaye ne a kan hanya, biyar ko shida, da wata babba a gaba, ɗanta a tsakanin ƙafafunta. Suna karya gora suna ci, hankalinsu kwance. Na ce wa direba ya yi musu hon. Bai kula ni ba. Na ɗaga murya, dattijon ya juyo ya sa yatsa a baki, ya ce in aka yi hon uwar nan za ta kifar da motar da mu a ciki, jira kawai za a yi. Ban taɓa tsanar wata halitta kamar yadda na tsani giwar nan ba.

Muka zauna. Ba abin da ake ji sai ƙarar gora na karyewa da numfashinsa. Da na ga zaman ba zai ƙare ba sai na ɗago shi na jingina shi da ƙirjina, na goge gilashin da hannu, na ce ga giwarka nan. Ya daɗe yana kallo. Jar lakar wurin ta shafe jikinsu duka.

"Ashe ja ce," ya ce.

Sun kai rabin awa kafin uwar ta ga dama ta kauce, sauran suka bi ta. Ana kiran magariba a ɗan masallacin garin muka isa asibiti. Likitar mace ce, ta tambaye ni me ke damunsa, na faɗa ba tare da ɓata lokaci ba, yanzu bakina ya buɗe. Suka sa masa iska, suka rataya ruwa, suka aika neman jini. Ta ce ciwon ya shiga huhu. Tana rubutu ba ta ɗago ba ta tambaya wa ya bari mai sikila ya hau can sama. Na ce ban sani ba. Sun yi iyakar ƙoƙarinsu, na shaida. Washegari da hantsi ya cika, hannunsa a cikin nawa, bai sake cewa komai ba bayan maganar giwar.

Wansa da ke Kumasi na kira, ban iya kiran Mma ba. Suka yi shawara suka ce a binne shi inda Allah ya karɓi abinsa. Musulman garin 'yan kaɗan ne, yawanci 'yan kasuwa, ba su san mu ba amma suka rufe shaguna suka zo. Ni da limaminsu muka yi masa wanka. Da aka kawo ruwa a bokiti na tsoma hannu na ji sanyi, na ce a mayar a ɗumama. Limamin ya ce ba dole ba ne, na ce a ɗumama dai. Aka ɗora a wuta muka jira. Da azahar muka kai shi, ƙasar ja ce, jiƙaƙƙiya, tana manne wa shebur. Duwatsun ko ganinsu ba a yi, gajimare ya rufe.

Na koma Dubai da jaka biyu. Na shiga ɗakinmu na tarar da sauran baƙin yajinsa a kwalba, da wata babbar robar ruwa da yake yawo da ita. Da na koma aiki na kai wa manaja takardar asibiti. Abin da muka ɓoye shekara biyar ga shi nan a rubuce da hatimi. Ya karanta, ya cire tabarau, ya ce me ya sa bai faɗa ba. Ya ce ai inshora na ɗaukar irin wannan, da ya sani da ya mayar da shi ofis ya raba shi da sito. Ko gaskiya ya faɗa, ko irin maganar da ake yi ce bayan mutum ya mutu, oho. Har yau ban sani ba, kuma ban san wanne ya fi mini ciwo ba. Mai gadin ƙofa ya riƙe hannuna ya yi ta ba ni haƙuri wai shi ya nuna bidiyon. Na ce ya bar maganar, ba shi ba ne.

Har yanzu ana kawo mini fom, ina cikawa. Amma in na iso layin ciwo sai na juya takardar na miƙa wa mai ita biro. Wasu na jin haushi, suna cewa Bakano ya yi girman kai. Su ce.

Juma'a uku suka wuce ban kira Mma ba. In an sauko daga masallaci sai na kashe waya na kwanta. A ta huɗu na manta ban kashe ba, sai ga kira ta bidiyo daga lambar wansa. Na ɗauka. Tana zaune a ƙofar ɗakinta inda ta saba, fuskar ta ƙara ƙanƙancewa. Na yi mata ta'aziyya, ta amsa, ita ma ta yi mini. Ba ta yi kuka ba. Ta ce tun yana ƙarami duk inda za shi sai ta riga shi zuwa ta faɗa. Ta gaya wa malamin makarantarsu, ta gaya wa ubangidan da ya koya masa tuƙi, ta gaya wa surukansa tun kafin a sa rana. Ya yi fushi da ita har ya gaji. Ta ce da ya tafi inda bakinta ba ya kaiwa ta daina barci, sai da ta ji akwai wanda ya sani a kusa da shi.

"Ɗana, mutanen dutsen nan, ba su tambaya ba?"

"Sun tambaya, Mma."

"Ka gaya musu?"

Da wansa ne ya tambaye ni da na san yadda zan juya maganar, na iya, aikina ne. Na ce ban gaya musu ba. Na ce takarda suka ba mu, ni na cika tasa, ni na rubuta babu. Na gaya mata alwalar ma, da yadda na tsaya ina kallo.

Ta ƙura mini ido har na ɗauka hoton ne ya tsaya. Ina jin kaji a bayanta, da wata yarinya tana kiran 'yar uwarta. Sai ta gyara mayafi.

"Wa ya yi masa wanka?"

"Ni da liman."

"Da wane ruwa?"

"Na sa an ɗumama, Mma."

"To," ta ce. "Wannan ka kula."

Ta miƙa wa wansa wayar ta tashi ta shiga ɗaki. Daga ranar ba ta sake cewa a ba ta Bakanon ba.